An Rufe Kwalejin Malamai Mata, To Wa Zai Koyar Da 'Yan Matan Ƙauye?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan mako wata magana ce da aka faɗa mini a gidan suna, har yau kuwa ta ƙi fita daga raina. Na je suna a wani ƙauye na ƙasar Makarfi, irin wanda in an sauka a Tashar Yari sai an hau babur an yi 'yar tafiya. Muna zaune a tsakar gida ana ta hidimar tuwo, sai na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba tana ta kai da kawowa da tulu. Na yi mata tambayar da kowace malama take yi wa yaro, watau aji nawa take. Ta sunkuyar da kai ba ta tanka ba. Uwarta ce ta amsa, ta ce, "Ai Malama mun cire ta tun tana aji biyar." Na ce don me, ko talla ce? Ta ce a'a, ita ba ta ɗora wa 'ya'yanta talla. Ta ce, "Yarinya ta fara girma, makarantar tamu kuwa daga hedimasta har mai gadi duk maza ne. In wani abu ya same ta irin namu na mata, wa za ta gaya wa? Babanta ya ce ta zauna gida, ni ma ban ga laifinsa ba."

Na buɗe baki zan yi mata wa'azin nan da muka saba yi na amfanin ilmin 'ya mace, sai na ga ba ni da ta cewa. Baiwar Allah nan ba ƙin boko take yi ba. Malama take nema ta damƙa mata 'yarta, ba ta samu ba.

To, 'yan'uwa, da can akwai makarantar da ba ta da wani aiki sai fitar da irin wannan malama. Duk wadda ta san Zariya ta san makarantar 'yan mata da ke wajen Kongo, wadda har gobe ake ce mata WTC. Yanzu sakandaren 'yan mata ce kamar sauran, kuma na tabbata a cikin ɗalibanta na yau akwai da yawa da ba su san abin da haruffan nan uku ke nufi ba. Ma'anarsu ita ce Kwalejin Horon Malamai Mata. Nan ne 'yan matan ƙasar Zazzau, har da namu na Ikara da Makarfi da Kudan, suke shiga suna yara su fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda kowa ya fi sani da Gired Tu. An kashe kwalejin, suna ya rage. Ina so mu waiwayi tarihinta da na 'yan'uwanta, domin a ganina matsalar yarinyar nan mai tulu daga can ta samo asali.

Horon malamai a ƙasar Arewa da maza ya fara. A shekarar 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk can suka yi karatu, kuma dukansu alli suka fara riƙewa, kafin ɗaya ya zama Firimiya, ɗaya Firayim Minista, ɗaya kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. An mayar da wannan kwaleji Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce ake kira Barewa a yau. Bayan ita an buɗe wasu ƙananan makarantun horon malaman elemantare, kuma abin lura shi ne ba a manyan birane kaɗai aka ajiye su ba. Akwai ta Toro a ƙasar Bauchi, akwai ta Maru wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa. Wanda zai koyar a ƙauye, a kusa da ƙauye ake horar da shi.

Mu mata an daɗe ba a waiwaye mu ba. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, ɗalibansu kuwa yawanci daga gidajen sarakuna da na ma'aikatan En'e aka samo su, don talakawa ba su yarda ba. Masu koyarwa matan Turawa ne. Da aka ga abin ba zai yi nisa ba sai an sami 'yan ƙasa masu koyarwa, sai aka buɗe makarantar horon mata a Sakkwato a 1939. Daga baya aka sami irinta a Kano da Katsina da Zariya da wasu garuruwan.

Kada wata ta ce wai wannan dabarar Nasara ce. Tun kafin Bature ya mulki ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta gane cewa matar ƙauye ba ta da malami da ya fi mace 'yar'uwarta. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta koya mata karatu, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauyensu ta koyar da mata a cikin gidajensu. Su ne 'yan taru. Kun ga ke nan horar da mace don ta koma ta koyar a garinsu gadonmu ne.

Yanzu bari in gaya muku yadda yarinya take shiga kwalejin malamai a wancan zamani, don nan ne gishirin maganar yake. Da ta gama firamare, ta ci jarrabawa, aka yi mata intabiyu, shi ke nan. Za ta ɗauki akwatinta na ƙarfe da bokiti ta tafi makarantar kwana. Gwamnati ce ke ci da ita, ta ba ta yunifom da littattafai, ta biya mata kuɗin mota ranar hutu, har da ɗan alawus na sabulu da man shafawa. Uban da ba ya da ko akuya yana iya kai 'yarsa. Makarantar ta mata ce zalla, da katanga da mai gadi da matiron, saboda haka hankalin iyaye a kwance yake. Shekara biyar za ta yi. A ciki za ta koyi Turanci da lissafi da Hausa da addini da tarihi da labarin ƙasa, ta koyi ɗinki da girki da tsabta, sa'an nan ta koyi abin da ya bambanta ta da 'yar sakandare, watau yadda ake koyar da yaro. Kafin ta fita sai an tura ta wata firamare ta yi makonni tana koyarwa, malaminta yana zaune a bayan aji da alƙalami yana ba ta maki. Wadda ta faɗi wannan gwaji ba ta da takarda ko da ta cinye sauran jarrabawa.

Ni na ci gajiyar wannan horo, domin wadda ta koya mini karatu a aji ɗaya da aji biyu 'yar WTC ce. Malama Babba muke ce mata. Lokacin da na zo hannunta ta kusa yin ritaya, amma ban taɓa ganin ta shiga aji ba tare da littafin shirin darasi ba, an ja masa layi da jan biro, kowane darasi da abin da za ta fara da shi da abin da za ta tambaya a ƙarshe. Rubutunta a allo kamar na injin buga littafi. Ba ta taɓa cewa ba a kawo kayan koyarwa daga ofis ba. Da 'ya'yan tsamiya da marfin kwalba muka koyi ƙidaya, da kara da ɓargonsa muka yi agogo da mota, da yashi a cikin faranti muka fara zana baƙaƙe da yatsa kafin a ba mu fensir. In ta kira rajista ta ga yarinya ta yi kwana biyu ba ta zo ba, da la'asar za ki gan ta ta yafa mayafi ta nufi gidansu. Kuma ba a ƙofar gida take tsayawa ta aika a yi mata sallama da maigida ba, kamar yadda malami namiji zai yi. Har ɗakin uwar take shiga, ta zauna a bakin gado, a ba ta fura, a yi maganar mata. Yara nawa ta mayar makaranta ta wannan hanya, Allah kaɗai ya sani. Akwai kuma wani ƙulli da take ajiyewa a cikin kabad ɗinta, da zane da sabulu da tsummoki masu tsabta, wanda sai da na kai aji shida na gane amfaninsa.

Har yau da nake riƙe da nawa allin, in aji ya gagare ni, ba littattafan da na karanta nake tunawa ba, ita nake tunawa.

Kwalejojin nan sun kai ƙololuwarsu ne a zamanin UPE, watau shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976, shekarar da aka sauya wa Jihar Arewa ta Tsakiya suna ta koma Jihar Kaduna. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a duk ƙasar, sai ga wajen miliyan 3 sun zo. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin makarantar boko ba suka wayi gari da azuzuwa, wasu a ƙarƙashin itace. Dole aka faɗaɗa kwalejojin malamai aka kuma buɗe sababbi. A wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don ta horar da waɗanda suka riga suka shiga aji ba su da takarda.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa iyayenmu 'yan Gired Tu daɗi ba. Gaggawar UPE ta ɓata abubuwa da yawa. An ɗebi ɗaliban da da ba za a ɗauka ba, an taƙaita wa wasu shekarun horo, kwalejoji sun cika sun batse, masu koyar da su ba su isa ba. Mutane da yawa sun fito ba su ci jarrabawa ba, ana ce musu rifad, kuma haka aka ba su aji don babu wasu. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980 sai abinci ya lalace, alawus ya tsaya, albashin malaman firamare ya riƙa yin watanni bai zo ba. Saboda haka ba kowace mai Gired Tu ce Malama Babba ba. Masu cewa takardar ta rage daraja ba ƙarya suka yi ba.

Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977, aka sake dubawa a 1981, ta riga ta nuna cewa nan gaba takardar NCE ce za ta zama mafi ƙanƙantar shaidar da za a shiga aikin koyarwa da ita. Aka kawo tsarin 6-3-3-4, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Sannu a hankali, musamman cikin shekarun 1990, jihohi suka daina ɗaukar ɗalibai a kwalejojin Gired Tu, suka mayar da gine-ginen makarantun sakandare. Horon malamai ya koma manyan kwalejojin ilmi, irin ta Zariya da aka kafa a 1962 da sunan ATC, da ta jiha da ke Gidan Waya kusa da Kafanchan.

Niyyar mai kyau ce. Wa zai ƙi a ce malamin ɗansa ya ƙara ilmi? Amma ina roƙonku ku ɗauki fensir mu yi lissafi tare, irin na aji uku. Da, daga firamare zuwa zama malama shekara biyar ce, a makaranta ɗaya, kyauta, cikin mata. Yarinyar da ta gama firamare tana da sha biyu ko sha uku za ta dawo gida malama tana da sha bakwai ko sha takwas, daidai lokacin da ake maganar aurenta, ta shiga ɗakin miji da takardarta a cikin akwati. Yanzu kuwa sai ta yi uku da uku da uku, shekara tara ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. A tsakani sai ta ci jarrabawar WAEC ko NECO da kiredit ɗin da ake bukata, ta sami kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci da na takardun lacca, kuma ta zauna a birni a makarantar da take haɗe maza da mata. Ku gaya mini, 'yar manomin rake a Kudan, ko 'yar mai noman tumatir a Kurmin Kogi, kashi nawa cikinsu za su haye waɗannan tsaunuka? An ɗaga tsani sama, an cire matakalan ƙasa.

Wadda ta haye kuwa yawanci 'yar birni ce, ko 'yar ƙauyen da ta zama 'yar birni. Ta yi aure a Zariya ko Kaduna. In aka ɗauke ta aiki aka tura ta Gubuchi ko Paki ko Likoro, ga goyo ga kuɗin mota ga maigida yana jiran abincin rana, ba za ta shekara ba sai ta fara neman a mayar da ita cikin gari. Ban ga laifinta ba, ni ma mace ce. Shi ya sa za ki shiga wata firamare a cikin birni ki tarar da malamai mata sun yi yawa har suna raba aji ɗaya, ki yi tafiyar awa guda ki tarar da wata babu mace ko ɗaya. Inda babu malama iyaye sukan janye 'yan mata da sun fara girma. Inda aka janye 'yan mata ba za a sami wadda za ta gama sakandare ba, balle ta zama malama. Haka abin yake ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Sa'an nan ita kanta babbar takardar, shin ta kawo abin da aka yi zato? Kowa ya tuna abin da ya faru a jiharmu a 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su sami maki 75 cikin ɗari da ake nema ba, aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka yi makinta, kuma ba ita ce maganata yau ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, shekaru da dama bayan an rufe kwalejojin Gired Tu don a gyara koyarwa, ga shi ana kuka da koyarwar fiye da da. A ganina dalili ɗaya shi ne, da tun yarinya tana ƙarama ake renon ta a kan malanta, shekara biyar tana kwana tana tashi da ita. Yanzu da yawa sai sun nemi likitanci ko lauya ko aikin jinya sun rasa, sa'an nan su ce to bari in yi NCE kafin Allah ya kawo wani abu.

Ba cewa nake a dawo da Gired Tu yadda take ba. Zamani ya wuce nan, kuma yarinya 'yar sha bakwai mai karatun shekara biyar ba za ta iya da manhajar yau ba. Abin da nake so a dawo da shi shi ne hikimar da ke cikinta: a ɗauko yarinya daga ƙauyensu, a ɗauke wa ubanta nauyi, a horar da ita a wurin da hankalin iyaye zai kwanta, a mayar da ita ƙauyensu ta koyar. An ma gwada irin wannan a maƙwabtanmu. Daga 2008, a ƙarƙashin shirin ilmin 'ya'ya mata da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka tallafa, jihohin Katsina da Bauchi da Neja da Sakkwato sun riƙa zaɓen 'yan mata daga karkara suna biya musu karatun NCE, da sharaɗin in sun gama su koma garuruwansu su koyar na shekara biyu. Abin da aka yi a Katsina, wadda har 1987 jiha ɗaya muke da ita, me zai hana ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan su yi da kansu? Ko yarinya biyu aka ɗauka daga kowace mazaɓa duk shekara, kafin shekara goma an ga canji. Amma fa a ba su aikin in sun gama, kada a bar su da takarda a ƙarƙashin katifa.

Kusanci ma ba ƙaramin abu ba ne. Ku dubi makarantar koyon aikin kiwon lafiya da aka kafa a Makarfi. Saboda tana kusa, iyaye da mazaje da yawa sun bar 'ya'yansu da matansu sun shiga, ga shi in kin je awo a asibitocin yankinmu sau da yawa 'yar gida za ki tarar, mai jin yarenki, wadda ta san gidanku. Da za a sami reshen kwalejin ilmi na mata a ɗaya daga cikin garuruwan nan uku, ko da azuzuwa huɗu ne a cikin wata sakandaren 'yan mata, da haka za a gani a makarantu.

To amma kafin gwamnati ta motsa, mu ma akwai namu. Ke matar aure da kika gama sakandare kika ajiye sakamakonki a ƙasan adaka shekara biyar ko goma, da ke nake. Ke ce kika fi kowa dacewa da wannan aiki, domin kina zaune a garin, ba inda za ki. NTI tana da karatun NCE na nesa, wanda ake zuwa cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu, saura kuwa a gida ake yi. In akwai darasin da kika faɗi, a sake rubuta shi ba abin kunya ba ne. Na san wata mai 'ya'ya huɗu da ta yi haka, da kuɗin adashe da na ƙuli-ƙuli ta biya rajista, kishiyarta ce ma take riƙe mata yara ranar Asabar. Ki sami lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ki yi masa maganar da ladabi. Ki nuna masa makarantar nan ce ta bayan gida, da azahar kin dawo, yaran da za ki koyar kuwa nasa ne da na 'yan'uwansa. In ya yi nauyin amincewa, ki bi ta wajen mahaifiyarsa ko wani malami da yake jin maganarsa.

Na san wasu mazan ma sukan leƙa wannan fili in an bar jarida a kan tabarma. To Malam, kai da ka ce ba ka yarda namiji ya koyar da 'yarka da ta girma ba, kuma ba ka yarda namiji ya duba matarka a asibiti ba, amma ka hana taka matar da taka 'yar su yi karatun da za su tsaya a wurin, matar wa kake so ta yi? Wani ne zai sadaukar da tasa don taka ta huta?

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, na san abin da kuke faɗi in an tambaye ku abin da kuke so ku zama. Cikin aji mai yara hamsin da kyar a sami biyu da za su ce malama, su ma sai sauran sun yi musu dariya. Ba zan ruɗe ku ba, albashin ba shi da yawa, kuma aikin akwai gajiya, wata rana ki dawo gida murya ta dishe, alli ya yi miki furfura tun ba ki tsufa ba. Amma aiki ne da za ki yi a garinku, da aurenki, da hijabinki, kina ganin tarbiyyar 'ya'yanki, kuma hutunki da nasu ɗaya. In kina da kai, kuma kin ga kina jin daɗin koya wa ƙannenki aikin gida, kada ki jira sai kin rasa komai sa'an nan ki zo mana. Ki zaɓe shi tun kina aji huɗu na sakandare, ki dage da Turanci da lissafi, don su ne suke kayar da yawancin 'yan matanmu.

Akwai kuma tsofaffin 'yan Gired Tu da suka yi ritaya suna zaune a gidajensu a Ikara da Hunkuyi da Makarfi, ba mai tambayarsu komai. Kwamitocin iyaye da malamai su neme su. Ko sau ɗaya a mako tsohuwar malama ta zo ta zauna a bayan ajin sabuwa, kamar yadda aka yi mata a zamaninta, ta nuna mata yadda ake riƙe yara sittin ba tare da bulala ba. Na roƙi Malama Babba ta yi mini haka a zangon da ya wuce. Ta zo da sandarta ta zauna, ba ta ce uffan ba har aka tashi, sa'an nan ta kira ni gefe ta ce ina juya wa yara baya da yawa in ina rubutu a allo, kuma duk tambayoyina 'yan layin gaba nake yi wa.

Game da yarinyar nan mai tulu, na sake komawa ƙauyen bayan sati biyu na sami uwarta. Mun yi shawara da mahaifinta ta bakin yayarsa, ya yarda in an koma hutu ta zo ta zauna wajen gwaggonta a cikin garin Makarfi ta ƙarasa aji shida a makarantar da take da malamai mata. Ita ɗaya ke nan. A layinsu kaɗai na ƙirga sa'o'inta huɗu da suke zaune a gida, su kuwa ba su da gwaggo a gari.